Ɗakin gaggawa, likitan waje da kamfanin inshora a Amurka: tambayoyi da amsoshi

Wata Juma'a bayan an sallame, wani direban tasi daga mutanenmu na Bronx, a birnin New York, ya ja ni gefe, ya zaro ambulan uku daga aljihun rigar sanyinsa. Ya ce, "Malam, duba mini. Asibiti ɗaya na je, dare ɗaya na kwana, ga takardu uku kowa na kiran sunana." Ɗaya daga asibitin take. Ɗaya daga wani kamfanin likitoci ne da ke wata jihar da bai taɓa takawa ba. Ta uku daga inshorarsa, ita ba ma kuɗi take nema ba, amma lambobin da ke cikinta su suka fi hana shi barci. Ni ba lauya ba ne, tafinta nake yi wa mutane ina karanta musu takardu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ake ta maimaita mini.

Me ake nufi da likita ko asibiti "na waje"?

Kowane kamfanin inshora yana da jerin asibitoci da likitocin da ya yi ciniki da su tun kafin ka yi ciwo. An taya, an sallama, an rubuta farashin kowane aiki. Waɗannan su ne na cikin jeri. Wanda ba a yi wannan ciniki da shi ba shi ne na waje. Babu farashin da ya ɗaure shi, babu kuma wanda ya ɗaure kamfanin. In ka zaɓi likitan waje da kanka, da idonka biyu, don a yi maka aikin da ba na gaggawa ba, wannan ruwanka ne. Matsalar tana inda ba ka da zaɓi.

Asibitin da na je yana cikin jerin inshorata. Ta yaya likitan ya zama na waje?

Saboda a asibitoci da yawa na Amurka likitan ɗakin gaggawa ba ma'aikacin asibitin ba ne. Asibitin yakan ba wani kamfani kwangilar kawo likitoci, kamfanin kuma yana aika bil ɗinsa daban. Haka likitan sa barci, haka mai karanta hoton ƙirji ko na ƙwaƙwalwa, wanda sau da yawa ko fuskarsa ba za ka gani ba. Ginin yana cikin jeri, mutumin da ke cikin ginin yana waje.

A 2016 wasu masana biyu na jami'ar Yale, Zack Cooper da Fiona Scott Morton, sun bi bayanan wani babban kamfanin inshora suka gano cewa a cikin duk zuwa ɗari ɗakin gaggawa na asibitin cikin jeri, 22 likitan waje ne ya duba mara lafiyar. Manyan kamfanonin da ke wannan kwangila su ne TeamHealth da Envision. Masu jarin da ke sayen kamfanoni su juya su sayar ne suka saye su: Blackstone ta sayi TeamHealth a 2017, KKR ta sayi Envision a 2018 kan kusan dala biliyan 10.

Asibiti zai iya korata don ba ni da inshora, ko don tawa ba tasu ba ce?

A ɗakin gaggawa, a'a. Tun 1986 akwai dokar tarayya da ake kira EMTALA, wadda Shugaba Reagan ya sa wa hannu. Duk asibitin da ke da ɗakin gaggawa kuma yake karɓar kuɗin Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi, wato kusan dukansu, dole ya duba duk wanda ya zo, in kuma ciwon na gaggawa ne ya yi masa magani har ya fita daga haɗari. Ba a jinkirta dubawa don tambayar kati ko takardar zama. Mace mai naƙuda tana ciki.

Wanda ya taso inda ake cewa "a kawo kuɗin ajiya tukuna" yakan yi mamakin wannan. A Najeriya ma dokar lafiya ta 2014 ta hana ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa, sai dai kowa ya san tazarar da ke tsakanin takarda da bakin ƙofar asibiti. A Amurka ana bin dokar, amma ta zo da giɓi: ta ce a yi magani, ba ta ce wa zai biya ba, balle nawa. Daga wannan giɓin duk rigimar ta fito.

To wa ya kamata ya biya, kuma nawa?

Likita ya ce: doka ta tilasta mini in duba mutuminka, ban isa in ce albarka ba, don haka biya ni abin da na rubuta. Kamfanin inshora ya ce: ban yi ciniki da kai ba, kuma abin da ka rubuta babu wanda ke biyansa a duniya, ga abin da na ga ya dace.

Wanda ya yi karatun fiƙihu zai gane wurin nan da sauri. In mutum ya yi aiki ba a yanke lada ba, ana ba shi ujratul misli, ladan da ake ba irinsa a kan irin aikin. Kotunan Amurka ma a nan suka tsaya. A Kalifoniya, a shari'ar Bell da Blue Cross ta 2005, kotun ɗaukaka ƙara ta ce likitan gaggawa na waje yana da ikon kai kamfanin inshora kotu ya nemi ƙimar aikinsa. A 2009, a shari'ar Prospect da Northridge, kotun ƙolin jihar ta ce rigimar ta tsaya tsakanin likita da kamfani, kada a bi mara lafiya da ciko. A 2014 kuma, a shari'ar wani asibitin yara da Blue Cross, kotu ta ce farashin da asibiti ya rubuta ba shi kaɗai ne hujja ba, a duba abin da yake karɓa a zahiri daga sauran masu biya.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Wuyar ita ce "irinsa". Wane farashi ne na kasuwa a kasuwar da mai saye yake kwance a gado ba ya cikin hayyacinsa?

Kafin 2022 me ke samun mara lafiya?

Shi ke cika ramin. Likita ya rubuta dubu biyu, inshora ta biya ɗari shida, sai a aiko maka da takardar ciko ta dubu ɗaya da ɗari huɗu. Dokar Obamacare ta 2010 ta sa wa kamfanoni mafi ƙarancin abin da za su biya likitan waje, amma ba ta hana likitan bin ka da ragowar ba.

Labarin da ya fi tayar da ƙura shi ne na wani malamin makarantar sakandare a Austin, jihar Texas, da zuciyarsa ta buga a 2017, maƙwabci ya garzaya da shi asibiti mafi kusa. Asibitin na waje ne. Inshorarsa ta biya kusan dala 56,000, asibitin ya ce saura 108,951. Da 'yan jarida suka buga labarin a 2018, bashin ya koma dala 332. Daga dubu ɗari da takwas zuwa ɗari uku da 'yan kai, ba tare da an canza ko allura ɗaya a lissafin ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda ake yanka farashin.

Me dokar No Surprises, wato dokar hana ba-zata, ta canza?

Shugaba Trump ya sa mata hannu ranar 27 ga Disamba 2020, ta fara aiki 1 ga Janairu 2022. Ta cire mara lafiya daga tsakiyar faɗan. In ka je ɗakin gaggawa, ko asibitin na waje ne ko likitan ne na waje, abin da za a caje ka shi ne kason da da za ka biya a cikin jeri, ba ƙari. Ba a neman izinin kamfani kafin a duba ka. Abin da ka biya kuma yana shiga lissafin kason shekara da kake cikawa kafin inshora ta ɗauki sauran. Likita ko asibitin da ya aiko takardar ciko zai iya shan tarar da ta kai dala 10,000 a kan kowace.

Ga misali da lambobin da na ƙirƙira don bayani. Likitan waje ya rubuta 1,800. Farashin tsakiya na irin aikin a yankinku 500 ne. Ka riga ka cika kason shekara, kuma tsarinka ya ce kai ke biyan kashi 20 cikin ɗari. Naka 100 ne. Ko daga baya likitan ya ci kamfanin ya karɓi 1,200, naka yana nan 100.

Kada a ji an ce "dokar hana ba-zata" a ɗauka magani ya zama kyauta. Mai kason shekara na dala dubu biyar da bai fara cikawa ba zai iya samun bil mai nauyi, kuma halastacce ne.

Mene ne wannan farashin tsakiya?

A takardu za ka ga an rubuta QPA. Kamfanin yana jera duk farashin da ya yi ciniki a kai na wannan aiki a wannan yanki, kamar yadda suke ranar 31 ga Janairu 2019, ya ɗauki wanda ya faɗo a tsakiyar layi, ya ƙara masa tashin farashi na shekarun da suka biyo. Lura da wanda ke lissafin: kamfanin inshorar ne da kansa. Likitoci sun ce ana cusa farashin fatalwa a cikin jerin, wato kuɗin aikin da aka rubuta a kwangilar likitan da ba ya yin wannan aikin sam, wanda saboda haka bai damu ya yi ciniki a kai ba. Likitan fata ba zai ɓata bakinsa kan kuɗin ɗinke raunin hatsarin mota ba. Irin waɗannan lambobi suna jan tsakiyar ƙasa.

In likita da kamfani sun kasa daidaitawa, sai yaya?

Kamfanin yana da kwana 30 ya biya abin da ya ga dama ko ya ce ba zai biya ba. Daga nan akwai kwanakin aiki 30 na ciniki. In ciniki bai faɗa ba, ɗayansu yana da kwanakin aiki huɗu ya kai maganar gaban mai raba gardama, wanda kamfani ne mai zaman kansa da gwamnati ta ba lasisi.

Tsarin yana da wayo. Kowane ɓangare zai rubuta lamba ɗaya. Mai raba gardama ba ya raba biyu, ba ya ƙirƙirar tasa, dole ya ɗauki ɗaya daga cikin biyun. Wanda ya faɗi shi ke biyan ladan alƙalancin. Dabarar ita ce duk wanda ya zuga farashi ko ya taya da raini zai sha ƙasa, don haka kowa zai matso tsakiya. An hana mai raba gardama kallon wasu abubuwa, cikinsu waɗannan biyu: farashin da likita ya rubuta a bil, da farashin gwamnati na Medicare da Medicaid (inshorar marasa ƙarfi). Na farko ya yi sama da yawa, na biyu ya yi ƙasa da yawa. Zai duba farashin tsakiya, ƙwarewar likitan, tsananin ciwon, da tarihin ciniki tsakanin ɓangarorin.

Kai mara lafiya ba a kiranka, ba ka ma sanin ana yi.

In akwai wannan tsari, me ya kai maganar kotu kuma?

Kalma ɗaya ce ta jawo: nauyi. Majalisa ta lissafa abubuwan da mai raba gardama zai duba, ba ta ce wanne ya fi nauyi ba. A Oktoba 2021 ma'aikatun lafiya, ƙwadago da kuɗi suka fitar da ƙa'ida cewa a fara da ɗaukar lambar da ta fi kusa da farashin tsakiya, sai in an kawo hujja mai ƙarfi. Ƙungiyar likitocin Texas ta garzaya kotun tarayya da ke garin Tyler. Ranar 23 ga Fabrairu 2022 Alƙali Jeremy Kernodle ya soke wannan sashe, ya ce ma'aikatu sun ɗora yatsa a kan ma'auni inda majalisa ba ta ɗora ba.

Gwamnati ta sake rubuta ƙa'idar da lallausan harshe. Likitocin suka koma, alƙalin nan dai ya sake sokewa a Fabrairu 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta biyar ta goyi bayansa a Agusta 2024. Sai maganar kuɗin shigar da ƙara: gwamnati ta ɗaga shi daga dala 50 zuwa 350, abin da ya sa bin bil ɗin dala ɗari biyu ya zama asara tun daga ƙofa. A Agusta 2023 Kernodle ya soke wannan ma, a watan kuma ya soke wasu sassan lissafin farashin tsakiya. A Janairu 2024 aka yanka kuɗin dala 115. Kusan duk lokacin da aka yanke irin wannan hukunci sai an dakatar da karɓar ƙararraki na ɗan lokaci a gyara tsarin, takardu kuma su ƙara taruwa.

Wa ke cin nasara a gaban mai raba gardama?

Likitoci da asibitoci, kuma ba da ƙaramar tazara ba. A rabin farko na 2023 sun ci kimanin kashi 77 cikin ɗari na abin da aka yanke, daga baya ma kason ya ƙaru. Lambar da suke ci da ita sau da yawa takan kai ninki uku na farashin tsakiya ko fiye.

Yawan ƙararrakin shi ne abin mamaki. Gwamnati ta yi tsammanin kimanin 17,000 a shekara. Daga buɗe shafin a 15 ga Afrilu 2022 zuwa ƙarshen Maris 2023 an shigar da fiye da 330,000. A 2024 kaɗai kusan miliyan ɗaya da rabi. Mafi yawansu kuma ba ƙaramin likitan ƙauye ne ke shigarwa ba, 'yan kamfanoni kaɗan ne, irin su TeamHealth, SCP Health, Radiology Partners, da wani dillali mai suna HaloMD da sana'arsa ke nan, shigar da ƙara a madadin likitoci. Kamfanonin inshora su ma sun fara kai ƙara, irin wadda rassan Anthem suka shigar kan HaloMD a 2025, suna zargin ana cika tsarin da ƙararrakin da ba su cancanta ba.

Kowa na karanta lambobin yadda ya so. Likitoci sun ce cin nasararsu hujja ce cewa tayin kamfanoni na raini ne. Kamfanoni sun ce hujja ce cewa an mayar da tsarin saniyar tatsa.

Tsakani da Allah, wa ke da gaskiya?

Na daɗe ina neman wanda hannunsa ke da tsabta a cikinsu, ban samu ba.

Ɗauki ɓangaren inshora. Shekaru da dama ana auna "farashin da aka saba" da bayanan wani kamfani mai suna Ingenix, sai ga shi Ingenix mallakar UnitedHealth ne, babban kamfanin inshora, wato mai biya shi ke riƙe da mudu. A 2009 babban lauyan jihar New York na lokacin, Andrew Cuomo, ya sa aka rufe ma'ajiyar bayanan, United ta ba da dala miliyan 50 don kafa wata mai zaman kanta, FAIR Health, ta kuma biya miliyan 350 a wata ƙarar da ƙungiyar likitocin Amurka ke ciki. Bayan shekaru sai ga MultiPlan, wanda yanzu ya koma Claritev, kamfanin da ke ba kamfanonin inshora shawarar nawa za su biya likitan waje. Binciken jaridar New York Times na 2024 ya nuna la'adarsa, da ta kamfanin inshorar, takan ƙaru gwargwadon yadda aka rage wa likita. Ƙararrakin da ke zargin haɗa baki wajen danne farashi an tattara su a kotun tarayya ta Chicago, a 2025 kuma alƙali ya ƙi korarsu.

A Las Vegas, ƙungiyoyin likitoci uku na TeamHealth sun kai United kotu kan biyan da suka ce an tauye a fiye da bil 11,000. A ƙarshen 2021 masu taya alƙali yanke hukunci suka ba su dala miliyan 2.65 na haƙƙinsu, suka ɗora miliyan 60 na horo. A 2025 kotun ƙolin Nevada ta yarda cewa kamfanin ya amfana da aikin likitocin bai biya daidai ba, amma ta soke miliyan 60 ɗin ta ce a rage. A wannan shari'ar ne ma aka ji cewa bayanan da masanan Yale suka yi aiki da su daga United suka fito.

Sai ɓangaren likitoci. Zama a wajen jeri ga wasu kamfanonin dabarar kasuwa ce: mara lafiyar gaggawa ba ya zaɓe, don haka ba ka rasa ciniki in ka ƙi sa hannu, ga kuma barazanar takardar ciko da za ka riƙe a kan kamfanin inshora. A 2019, da majalisa ta fara maganar hana abin, sai wata ƙungiya da ba a san masu ita ba, Doctor Patient Unity, ta zuba miliyoyin daloli a tallan talabijin tana tsoratar da mutane cewa asibitoci za su rufe. Daga baya aka gano TeamHealth da Envision ke biya. Envision ta ci United dala miliyan 91 a gaban masu raba gardama a 2023, a watan Mayun shekarar kuma ta bayyana karyewa.

Shi likitan da ke tsaye a kanka ƙarfe uku na dare yawanci bai san nawa aka rubuta da sunansa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

An yanke wa likita nasara, kamfani ya ƙi biya. Sai me?

Doka ta ce a biya cikin kwana 30. Likitoci na kukan cewa ba a biya, ko a biya a makare. Wasu kamfanonin jiragen ɗaukar marasa lafiya sun kai kamfanin inshora Health Care Service Corporation kotu kan haka, a 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta biyar ta ce dokar ba ta ba su ikon shigar da ƙara da kansu ba, su kai kuka ga ma'aikatar lafiya. Ko an biya likitan ko ba a biya ba, ba shi da ikon juyowa kanka.

Inshorata ta ce ciwon ba na gaggawa ba ne, tunda an gano ƙwannafi ne kawai.

Ba da sakamako ake aunawa ba, da alamun da ka zo da su ne. Ƙa'idar ita ce: mutum mai hankali wanda ba likita ba, in ya ji abin da ka ji, zai ga cewa jinkiri na iya jawo babbar illa? Ciwon ƙirji mai tafiya hannu ga ɗan shekara hamsin gaggawa ne ko da ya zama yajin daren jiya. A 2017 Anthem ta fara ƙin biyan irin waɗannan a Georgia, Missouri da Kentucky, likitocin gaggawa suka kai ta kotu. A 2021 UnitedHealthcare ta sanar da makamancin haka, aka yi mata ca, ta janye.

In an ƙi biyanka, kana da kwana 180 ka ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin. In sun nace, kana da wata huɗu ka nemi masu dubawa na waje, kuma hukuncinsu ya ɗaure kamfanin. Nemi takardar da nas ta rubuta lokacin da ka iso, domin a can ne kalmominka na farko suke.

An miƙo mini takarda in sa hannu ina kan gado.

Karanta, ko ka ce a kira tafinta, haƙƙinka ne. Akwai takardar yarda da magani, wannan daban. Akwai kuma wadda ke cewa ka yafe kariyar dokar ka yarda a caje ka farashin waje. A lokacin gaggawa ba a yarda a ba ka ita ba sam. Bayan ka fita daga haɗari za a iya, amma sai in kana iya tafiya da motar gida zuwa asibitin cikin jeri da ke kusa, kuma kana cikin hankalin da za ka yanke shawara. Likitan sa barci, mai karanta hoto, mai gwajin nama da jini, likitan jarirai sabbin haihuwa da mataimakin mai tiyata ba su da ikon neman wannan yafiya ko yaushe. Ba dole ba ne ka sa hannu.

Motar asibiti fa?

Nan dokar ta bar rami. Jirgi mai saukar ungulu yana ciki, motar ƙasa ba ta ciki. Da yawansu na ƙananan hukumomi ne da 'yan kwana-kwana, majalisa ta kauce wa taɓa su ta kafa kwamiti. Wasu jihohi, cikinsu New York, Colorado, Kalifoniya da Texas, sun yi nasu dokokin. Duk da haka, kada tsoron bil ya sa ka tuƙa mai ciwon zuciya da kanka. Kira 911.

Jiharmu tana da tata dokar. Wacce ke aiki a kaina?

Ya danganta da wanda ke biyan kuɗin a zahiri. New York tana da tata tun 2015, Texas tun 2020. Amma manyan ma'aikatu da yawa da kansu suke biyan kuɗin maganin ma'aikata, kamfanin da sunansa ke kan katinka takardu kawai yake kula da su. Irin wannan tsari yana ƙarƙashin dokar tarayya ta 1974 mai suna ERISA, dokar jiha ba ta kai gare shi. Kusan biyu cikin uku na masu inshorar wurin aiki a nan suke. Tambayi ofishin ma'aikata na wurin aikinka wanne ne naku. A maganar ɗakin gaggawa kana da kariya ko ta wace hanya, a maganar motar asibiti ne bambancin ke cizo.

Innarmu ta zo ziyara da inshorar tafiya, ta faɗi aka kai ta asibiti.

Za a duba ta, EMTALA ba ta tambayar biza. Amma dokar hana ciko ba ta rufe inshorar tafiya ba, haka inshorar gajeren lokaci da ƙungiyoyin taimakon juna na addini da ke kama da inshora. Masu Medicare da Medicaid suna da tasu kariyar tun da. Ga Inna, je ofishin kuɗi na asibitin tun tana kwance ka nemi fom ɗin tallafi. Duk asibitin da ba na neman riba ba doka ta wajabta masa tsarin rangwame ga marasa ƙarfi. Tambayi kuma ko ta cancanci Medicaid na gaggawa.

In an cire ni daga faɗan, me ya dame ni da shi?

Kuɗin wata. Ofishin kasafin majalisa ya yi hasashen dokar za ta rage kuɗin inshora da rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari, bisa zaton hukunci zai riƙa faɗowa kusa da farashin tsakiya. Ba haka ya kasance ba. Abin da kamfani ya biya a gaban mai raba gardama, da ladan lauyoyi da dillalai, a ƙarshe ana raba shi kan masu biyan kuɗin wata da masu ba su aiki.

Bil ya zo. Me zan fara yi?

Kada ka biya takardar farko, kada kuma ka jefa ta a aljihun mota. Jira takardar bayanin inshora, wadda ake rubuta EOB a kanta, an kuma rubuta da Turanci cewa ba bil ba ce. Nemi layin da ke nuna kason da ke kanka, ka ajiye shi kusa da bil ɗin. In bil ya fi, kira lambar da ke jikinsa ka ce aikin na gaggawa ne, ka ambaci sunan dokar, ka ce a dakatar da bin bashin. Rubuta rana da sunan wanda ka yi magana da shi. Kira inshorarka ita ma, domin wani lokaci kuskuren nata ne, ta lissafa aikin a matsayin na waje. In an yi maka kunnen uwar shegu, layin ƙorafi na gwamnatin tarayya shi ne 1-800-985-3059, kuma ana iya neman tafinta.

Direban nan da na fara da shi haka muka yi. Takardar asibitin daidai take, kasonsa ne na shekara, aka raba masa biya wata-wata. Ta kamfanin likitocin ta ninka abin da EOB ta nuna sau huɗu. Muka kira daga cikin tasinsa, waya a kan sitiyari, muka yi minti arba'in ana sa mana kiɗa. Matar da ta ɗauka ta duba, ta ce za a gyara. Bayan sati uku sabuwar takarda ta zo da lambar da ke kan EOB, ba a ce a yi haƙuri ba, ba a kuma ce me ya faru ba.